Kaza Ba Ta Faɗi Ba

Shafi na 17

Da sunan Allah. Masu aiko mini saƙo tun asuba kuna tambayar abin da Muttaƙa ya gani a kan jigawa har ya zauna a ƙasa ba shiri, ku yi haƙuri, yatsan tsoho ba ya gudu a kan salula. Ga inda muka tsaya.

*

Muttaƙa ya sauke jumel daga idonsa, ya zauna a kan rairayi bai ko duba ko da ƙaya a wurin ba.

Jumel ɗin nan, madubin hangen nesa mai ido biyu, surukinsa ne ya kawo masa tsaraba cikin makon nan daga wajen haƙar zinariya a arewa. Tun da ya shigo hannunsa tuwonsa na dare yake hucewa a kwano. Ya kalli wata, ya tarar fuskarsa duk zanzana. Ya kalli wani farin tauraro da ya sani tun yana yaro, ashe ba shi kaɗai yake tafiya ba, akwai 'yan mitsi-mitsin 'yan rakiya a gefensa. Gabas ya kalla, kudu ya kalla, arewa ya kalla. Yamma ce kawai bai taɓa juyawa ba sai yau bayan magariba.

Hamma, abokinsa Bafillace, yana tsaye ya rataya hannuwa a kan sandarsa.

"Kai Babarbare, lafiya? Ko mala'ikan mutuwa ka hango yana tambayar gidanka?"

Muttaƙa bai rama ba. Wannan ne ya sa Hamma ya sauke sandar.

"Karɓi," in ji Muttaƙa. "Dubi yamma. Saman gawon gonar liman."

"Ni ba na kallon yamma. Hasken nan ciwon kai yake sa ni."

"Ka duba dai."

Tun bara da wani proje na masu ba da tallafi ya kakkafa fitilun sola a bakin hanyar da ta fita Tudun Gawo ta nufi Magarya, yammacin garin ya daina yin duhu. A bayan fitilun kuma ga Magarya kanta, wadda a da ko ƙyallinta ba a gani daga nan, yanzu haskenta ya hau sama ya zauna. Sararin wajen ya koma fari-fari kamar nonon da aka cika wa ruwa. Ido tsirara ba ya tsintar komai a ciki.

Hamma ya ɗora jumel a ido, ya yi ta yawo da shi. Ya kama reshen gawo, ya kama fitila ya yi tsaki, ya ɗaga sama kaɗan.

Sai ya tsaya cak.

"Muttaƙa."

"Na'am."

"Wannan ai Kaza ce."

"Ita ce."

"Da 'ya'yanta. Kai, sun ma fi yadda na san su yawa."

"Su ne."

Hamma ya cire jumel ya dubi wurin da idonsa. Babu komai sai farin haske. Ya mayar. Ga ta nan, curin 'yan taurari a dunƙule, tana zaune abinta. Ya sake cirewa, ya sake mayarwa, kamar mai fatan a karo na gaba ba za ta fito ba.

"To ba kai ka ce ta faɗi ba?"

Muttaƙa ya ɗebi rairayi ya bar shi yana zuba ta tsakanin yatsunsa.

A Tudun Gawo ba a yin binne sai Kaza ta faɗi. Haka aka tarar. Gidan su Muttaƙa ke da duba ta, tun daga kakansa. In bazara ta yi nisa, mai duba ya hau jigawar nan kowace magariba, yana ganin Kaza tana ƙara sauka yamma, har ran da zai neme ta ya rasa. Sai ya gaya wa mai gari bayan sallar Juma'a. Liman ya sha faɗa, shi ma Muttaƙa ya sha faɗa, cewa ruwa na Allah ne, tauraro ba ya ba da ko ɗigo. Alama ce kawai, kamar yadda inuwa ke nuna azahar. Amma da alamar mutane ke fita da sungumi su binne iri a busasshiyar ƙasa, don ruwan shuka na farko ya tarar da shi a ciki.

Juma'ar da ta wuce Muttaƙa ya miƙe a ƙofar masallaci ya ce Kaza ta faɗi. Unguwar kudu duka ta fita ta yi binne.

"Na neme ta, Hamma. Wallahi na neme ta. Magariba bayan magariba ina nan tsaye har idona ya yi ruwa."

"Ba ka ce a ranka bana ta yi saurin faɗuwa ba?"

"Na ce. Sai na ce ko damina ce za ta zo da wuri."

"Yanzu da saura kamar yaya?"

Muttaƙa ya miƙa hannu ya auna daga kan gawo zuwa inda take.

"Da saura. Ba yau ba, ba gobe ba. Sai wani watan ya tsaya ya yi kwanaki."

Hamma ya tsuguna a gefensa.

"Ni dama na ga gawo bai fara zubar da ganye ba. Shanuna ma ba su fara ɗaga hanci gabas ba."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Wa ke tambayar Bafillace maganar shuka? Da na buɗe baki ka ce bawanka ya yi rashin kunya."

A wata rana da Muttaƙa ya ce ai bawan nasa ne. Yau sai ya kalli gonakin kudu, inda duhu ya fara rufe layukan sungumi.

Kowa ya san abin da ke samun irin da ya daɗe a ƙasa. Gara ta ci rabonta. Zabi su tone nasu. Rana ta gasa saura. Amma duk wannan da sauƙi. Abin tsoro shi ne ɗan ruwan nan na bazara da ke jiƙa saman ƙasa kawai, ya tashi iri daga barci, ya yi tafiyarsa. Iri ya tsiro, ya leƙo, ya tarar da rana. Shi ke nan, ba ya tsira sau biyu.

"Gobe da asuba unguwar arewa za ta fita," in ji Hamma. "Mai gari Isufu ya kira gayya. Na ga amalanke a ƙofar gidansa."

"Na sani."

"To tashi."

"Tsaya tukuna."

"In tsaya me?"

"Ko Allah zai kawo ruwan da wuri. Ya taɓa faruwa. Shekarar da aka haifi ɗiyata Nazifa..."

"Muttaƙa, da idonka ka gani. Da nawa na gani."

"In ban da wannan ƙarfen da ba wanda ya gani. Da ni ma ina gida ina cin tuwo da zuciya ɗaya." Ya juya jumel ɗin a hannunsa. "Shekara nawa ina roƙon Allah ya nuna mini abin da ke bayan taurari. Ga shi ya nuna mini."

"Me aka nuna maka?"

Muryar mace ce, daga bayansu.

Ƙande ce, yayar Muttaƙa uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Tana riƙe da kara da wani tsohon gwangwani da take kaɗawa. Tun ranar da ta yi binne a gonarta take yini tana korar zabi, can take sallar magariba, sai duhu ya kore ta gida.

"Yaya, sannu da aiki," in ji Muttaƙa.

"Tambayarka na yi."

"Hira muke."

"Hamma, kai ba ka iya ƙarya ba, kunnenka motsi yake. Me kuka gani?"

Hamma ya dubi Muttaƙa. Muttaƙa ya dubi ƙasa.

Ƙande ta ajiye gwangwanin, ta miƙo hannu.

"Ba ni abin."

"Yaya, idonki ba zai..."

"Ni na goya ka, Taƙa. Ba ni."

Ya ba ta. Hamma ya miƙa mata sandarsa ta ɗora gwiwar hannu a kai. Muttaƙa ya miƙe ya kama kafaɗarta ya juya ta yamma, ya ɗaga mata jumel ɗin a hankali, sama da gawo.

Ta daɗe tana kallo.

Can ƙasa jaki ya yi kuka a cikin gari. Wani moto ya wuce a hanya, ƙarƙashin fitilu.

"Ikon Allah," in ji Ƙande a hankali. "Tun ina budurwa rabon da in gan ta da kyau haka. Kamar an watsa gishiri a baƙin zane."

Ta ƙara kallo.

"Baba yakan ce 'ya'yanta bakwai. Ashe Baba bai gama ƙirga ba."

Sannan ta sauke, ta miƙa masa. Ta ɗaure bakin zanenta da ya kwance.

"Na zo har ɗakinka, Taƙa. Na ce ka tabbata? Ka ce ka tabbata."

"Haka na ce."

"Na sake aiko ɗana Hamisu ya tambaye ka."

"Ya zo."

"Irin Inna ne. Ka san shi. Ɗan gajeren hatsin nan mai saurin nuna, wanda babu shi a kasuwar Dungas, babu shi a ta Kwaya. A tulu na toshe shi da toka. Watan azumi jikokina suna kallon tulun ina kallonsu, ban fasa ba."

"Ba ki rage ko kaɗan ba?"

"In rage na me? Ƙanena ne mai duba Kaza."



"Ko za a iya tonewa..." in ji Hamma.

Ƙande ta dube shi.

"Ƙwayar hatsi a cikin rairayi? Je ka tone, in ka samu tiya guda na ba ka gonar."

Iska ta ɗan motsa. Ba irin zazzafar iskar da aka yini da ita ba ce.

"Shi ya sa nake ce masa ya tashi," in ji Hamma. "Na kudu ya riga ya shiga ƙasa, sai addu'a. Amma na arewa yana buhu. Ya je ya gaya wa mai gari tun kafin a kwanta."

"A'a," in ji Ƙande.

Su biyun suka juyo.

"Ba zai je ba."

"Yaya Ƙande?"

"Ku saurare ni. Shekarar da fari ya ƙone shuka aka raba iri a meri, ofishin magajin gari, kun tuna yadda aka yi? Garuruwan da suka rasa gaba ɗaya, su aka kai wa. Garin maƙwabtanmu, da rabi suka samu rabi suka rasa, cewa aka yi su taimaki juna. Wa ya taimaki wani? Mata nawa suka tafi aikatau Damagaram a shekarar?"

"Me kike nufi?" in ji Muttaƙa, ko da yake ya gane.

"In Tudun Gawo duka ta rasa iri, mai gari zai hau moto ya je ya yi kuka, a ji shi. In mu 'yan kudu ne kawai, za a ce mun yi gaggawa. Arewa ta yi shuka, mu mu yi musu ƙodago."

"Yaya Ƙande, ki ji tsoron Allah," in ji Hamma.

"Ina jin tsoronsa. Kai kana da shanu, Hamma. In hatsi ya ƙi, ka kora ɗan maraƙi kasuwa. Ni me zan kora? Gwangwani?"



Ta matso kusa da ƙanenta. Muryarta ta yi ƙasa.

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Maganarka ka riga ka yi ta ranar Juma'a, kuma da gaskiyarka ka yi. Yau shiru kawai nake roƙo. Ka je gida ka ci tuwonka. Ka sa wannan abin a ƙarƙashin gado. Nan da kwanaki ta faɗi da kanta, wa zai sani?"

"Mu uku."

"Mu uku tsofaffi ne. Mun saba riƙe magana."

"Gidajen arewa ma da yara, Yaya."

"Na san da yara. Su ma za a kawo musu in an kawo mana."

"In ba a kawo ba fa?"

Ƙande ta sunkuya ta ɗauki gwangwaninta.

"Sannan ka tuna da Hamisu," in ji ta. "Saboda maganarka ya baro aikin gini a Kano tun lokaci bai yi ba, ya zo ya yi mini sungumi. Ka san zuciyar ɗan nan. Ba shi kaɗai ba kuma, samarin kudu duka haka suka dawo. In ka tsaya a gabansu ka ce fitila ce ta rufe maka ido, ni ba zan iya tare maka su ba."

Ta fara gangarawa. Ba ta waiwayo ba.

Muttaƙa ya sake ɗaga jumel yamma. Kaza ta sauka har ta taɓa kan gawo. Yana kallo 'ya'yan suka riƙa dusashewa cikin farin hasken, ƙanana tukuna, sannan manya. Ko da jumel ɗin yanzu ba ta ganuwa.

"Ta tafi kwana," in ji shi. "Yanzu ko na je, me zan nuna musu? Sai gobe da magariba za ta sake fitowa."

"Gobe da magariba irin arewa yana ƙasa."

"Za su ce tsufa ne. Jiya ya ce ta faɗi, yau ya ce ta tashi."

"Su ce. Ni zan ce na gani."

"Su ce Bafillace yana so a jinkirta shuka don shanunsa su ƙara kwana a gonaki."

Hamma ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Wallahi haka za su ce."

A lokacin ne gabas ta yi walƙiya.

Ba ƙara. Haske kawai, can ƙasa wajen Dungas, ya buɗe ya rufe. Iskar ta sake zuwa, wannan karon da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Muttaƙa ya ɗora jumel a kan hadarin. Da ido baƙi ne, mai cika fuska. A cikin jumel kuwa sai ya ga taurari suna leƙowa ta jikinsa nan da can, kamar ta tsohuwar tabarma.

"Yaya ka gan shi?" in ji Hamma.

"Ba shi da ciki."

"Zai zubo?"

"Zai zubo. Daidai wanda zai tashi iri."

Suka gangaro. Muttaƙa ya rataya jumel a wuya, yana bugun ƙirjinsa a kowane taku. A mararraba, hanyar gidansa ta yi hagu, ta gidan mai gari ta yi dama. Ya tsaya. Hamma ma ya tsaya.

Daga dama ana jiyo hayaniya da dariya.

Ya bi dama.

Ƙofar gidan mai gari Isufu tana da tata fitilar, fara fat, ƙwari na kewaya ta. An shimfiɗa tabarmi. Mazan arewa suna ta juye iri daga buhuna zuwa ƙorai, ana rabawa gida-gida don fitar asuba. Sunguma na jingine a bango. Samarin kudu ma suna nan, sun zo taya gayya tunda su sun gama nasu. Hamisu na cikinsu, ya naɗe hannun riga yana ɗaga buhu shi kaɗai.

Wani ya hango Muttaƙa.

"Ga mai Kaza nan."

"Baba Muttaƙa, ka ga gabas kuwa?"

"Ai tun Juma'a ya gani, ku ne sai yau."

"Masu cewa a jira sanarwar shuka a radiyo, ina kuke?"

Aka yi dariya. Hamisu ya ajiye buhu ya taho ya karɓi takalman kawunsa, fuskarsa duk fara'a.

"Kawu, hadari ya gaskata ka. Gonar Inna ce za ta fara tsira a garin nan."

Muttaƙa ya dubi bayan taron. A inda hasken fitila ya ƙare, gindin katanga, Ƙande na tsaye da gwangwaninta. Ba ta tafi gida ba. Idonta na kansa.

Mai gari ya gyara zama a kan kujerarsa, ya yafito shi.

"Matso, Malam Muttaƙa. Dama kai muke jira. Wasu na cewa tunda hadari ya taso, kada ma a jira asuba, masu gonakin kusa su fita yanzu da tocila. Na ce ba a fita sai mai duba ya sa hannu."

Aka turo masa babbar ƙwarya cike da iri.

"Sa mana albarka."

Muttaƙa ya tsuguna. Ya nutsa hannu cikin hatsin har wuyan hannu. Sanyi gare shi, irin sanyin abin da aka ɓoye a rumbu aka hana ciki. Ya ji Hamma ya tsaya a bayansa. Ya ji gwangwani ya ɗan yi ƙara a gindin katanga.

"Ranka ya daɗe."

"Muna jin ka."

"A mayar da shi buhu."

Mai gari ya karkato kunne.

"A yi me?"

"A mayar da irin nan buhu, a ɗaure. Kada kowa ya fita, yau ko gobe." Ya yi gyaran murya. "Kaza ba ta faɗi ba. Tana nan. Hasken fitilun hanya ne ya ɓoye mini ita. Yanzu na gan ta a jigawa."

Wani da ke juye buhu ya manta, hatsin ya cika ƙwarya yana zuba a tabarma.

Ɗigon farko ya faɗo a kan kwanon rumfar mai gari. Na biyu ya biyo. Sannan yayyafi ya fara, siriri, a hankali.

Hamisu ya saki takalman da ke hannunsa. Ya juya ya dubi kudu, wajen gonar uwarsa. Samarin kudu suka miƙe ɗaya bayan ɗaya.

Ya juyo.

"Kawu," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Sake faɗa. Ban ji ba."